Kinako Ta Rage Ita Kaɗai

Alhamis, 12 ga Oktoba

Sai yau na je ɗakin Noboru. Tun Litinin da ya yanke jiki ya faɗi a wurin gadinsa nake zarya tsakanin asibiti da gida, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa akwai mai numfashi a ɗakin nan. Nas ce ta ce in kawo masa kayan sawa da reza.

Ƙanena ne ciki ɗaya, gari ɗaya muke zaune, amma sai da mai gidan haya ya nuna mini ƙofarsa. Ba faɗa muka yi ba. Haka dai muka tashi. Mukan haɗu a kabarin su Mama da bazara, mu share, mu kunna turare, kowa ya kama gabansa. A can ya taɓa ce mini, "Yaya, na fara kiwon momonga." Wasu 'yan dabbobi ne wai, masu kama da kurege. Na ce masa da mata ya nema da ya fi.

Kejin momongan ya fi firjinsa tsawo. Gorar ruwa a bushe, kwanonin abinci an lashe su tas. Ɗaya na kwance a ƙasan kejin, ya sandare. Bai cika tafin hannuna ba. Ruwan toka, da baƙin layi daga goshi zuwa gadon baya. Fatar nan da suke buɗewa tsakanin hannu da ƙafa su yi shawagi ta naɗe a gefensa kamar rigar da ta yi wa yaro yawa. Ɗayar tana cikin wata 'yar jakar ƙyalle da ke rataye. Ina taɓawa ta saki wata ƙara kamar injin markaɗe ya ci tsakuwa. Na ja da baya har na bugi tebur.

A jikin firji akwai hotunansu, ya rubuta suna a ƙasa. Mai ɗan sanƙo a goshi shi ne Azuki, namiji. Shi ya mutu. Wadda ta rage Kinako.

Na zuba mata ruwa. Na zauna a kan tabarmarsa na rasa abin yi.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Mijina Isamu ya aro motar ɗaukar kaya muka kwaso kejin. Duk hanya mita yake yi. "Maman Rie, mutum na kwance a asibiti, ke kin ɗauko jinyar ɓera."

Na ce ba ɓera ba ce.

"To mece ce?"

Na ce ya kalli hanya.

Mun ajiye ta a ɗakin 'yarmu Rie, tunda ta koma Osaka ba mai kwana a ciki. Azuki kuwa, Isamun da ke mita shi ya haƙa rami a gindin bishiyar kaki, irin kanyar nan mai manyan 'ya'ya da ke gidanmu, har da ɗora dutse.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ɓarin daman Noboru ya shanye, magana ta tafi. Likita ya ce yana ji, yana ganewa, kalmar ce ba ta samun hanyar fita. Yau ya buɗe ido sosai. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna mini yatsu biyu. Na ɗauka taba yake so. Ya girgiza kai, ya sake nunawa, sannan ya kai hannun ƙirjinsa kamar mai tallabe da wani abu.

Na ce, "Suna wurina. Lafiyarsu ƙalau, su biyun."

Ya lumshe ido. Bakin nan da ya karkace ya yi ƙoƙarin murmushi.

Ban shirya ta ba. Haka ta fito.

Talata, 17 ga Oktoba

Kinako ta cije ni a ɗan yatsa, har jini. Tuffa kawai na miƙa mata.

Na dafa ƙwai, na dama garin abincinsu da na samu a firjin Noboru, na yanka inabi. Da safe ina tarar da komai yadda na ajiye. Da rana ba ta fitowa daga jakar. In duhu ya yi sai ta hau can saman keji ta riƙa haushi kamar ɗan kwikwiyo, ta yi ta tsaya kamar mai jiran amsa, ta sake. Da safe Isamu ya ce, "Wai wa take kira haka?" Ya san amsar, shi ya sa bai jira ta ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ba ta ci ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na leƙa da safe na ga jini a bakin jakar. Jelarta take ci. Ita da kanta. Gashin kanta ma ya zube ta gefe ɗaya.

Muka tafi garin Yonago wurin likitar dabbobi. Likita Adachi, yarinya ce sa'ar Rie, amma ta kama Kinako da tawul kamar wasa, ta wanke ciwon, ta sa mata wani ɗan zoben roba a wuya don kada bakinta ya kai jelar. Na tambaye ta wace cuta ce.

Ta ce, "Mama, ba cuta ba ce. Waɗannan ba a ganinsu ɗaya-ɗaya. A dawa gungu suke kwana a kogon itace, kowa na goga wa kowa warin jikinsa, da hanci suke gane nasu. Wannan ta rasa mijinta, ta rasa mai ita, ta rasa ɗakin da ta sani, duk a mako guda."

Na ce to a ba ni magani.

"Na jela zan ba ki. Sauran sai ke."

Ta ce in rataya jakar a wuyana, ta cikin riga, duk yinin da take barci, ta riƙa jin ɗumina da bugun zuciyata. In sa mata tsohuwar rigar da na kwana da ita. In shafa yogot a yatsa in miƙa, in ta cije kada in fizge hannu. Kada in bi ta, kada in kamo ta. Na ce sai yaushe za ta saba? Ta ce wata takan ɗauki mako biyu, wata shekara, wata kuma ba ta sabawa.

Da za mu fito ta kalli hannuwana ta ce a ina nake aiki. Na ce wurin ɓarar ƙaguwa a bakin tashar jiragen ruwa. Ta danne dariya. Isamu bai danne ba. "Likita, shekara talatin ina fama da warin nan nata, ni ma ban saba ba."

Litinin, 23 ga Oktoba

Na gwada shugabar layinmu na wurin aiki da maganar shiga da jakar. Ta ce, "Haba Fumie, kin fi kowa sanin doka. Ko zobe ba a shiga da shi, balle abu mai gashi." Gaskiyarta.

Na dawo na roƙi Isamu, tunda shi a gida yake yini. Ya ajiye jarida. "Ni? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan teku, in rataya ɓera a wuya in zauna kamar mai goyo? Maƙwabta su shigo su gan ni?"

Na rataya jakarta a wuyana da yamma, daga dawowata har na gama girki. Ƙarar nan ta injin markaɗe take yi a ƙirjina ba tsayawa. Ina jin zuciyarta ta cikin ƙyalle, sauri kamar za ta fashe. Ban san ko taimakonta nake yi ba ko azaba.

Rigata da na sa mata, ta ja ta zuwa lungu ta yi fitsari a kai.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Na koma ɗakin Noboru kwaso sauran kaya. A kwandon wanki na ga singiletinsa da ba a wanke ba. Na kawo na jefa a keji, ba da wani sa rai ba.

Ta fito. Da rana tsaka, ta fito. Ta shinshina, ta kutsa ciki har ta ɓace, ta yi wani ɗan sauti da ban taɓa ji ba, ƙasa-ƙasa kamar tukunya ta fara tafasa. Da safe rabin tuffar babu.

Na yi kuka a kicin. A kan rabin tuffa, ni da ban yi kuka ranar da aka kira ni daga asibiti ba.

A kan matashin kansa na samu wasu ƙyallaye guda biyu masu laushi, rawaya da ja. Na sako su a jaka, ban san na mene ne ba.

Litinin, 30 ga Oktoba

Warin singiletin ya fara gushewa. Ta koma haushi. Ta koyi zame zoben robar.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Dabara ta zo mini a bas. In kai ƙyalle asibiti, Noboru ya kwana da shi a jikinsa, in dawo mata da shi. Na ɗauki rawayan.

Yana gani idonsa ya kawo haske. Ya karɓa da hannun hagu ya cusa a wuyan rigarsa, ba sai na yi bayani ba. Ashe abin da yake yi ke nan kullum, yana kwana da su ya sa musu a jaka. Sannan ya sake buɗe hannu. Yana jiran jan, na Azuki ke nan.

Na ce na manta shi a gida.

Ya dube ni. Tun muna yara haka yake dubana in na cinye nasa na ce kyanwa ce. Hannun na nan a buɗe har na tattara kayana.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Na kai masa jan. Ya shinshina, ya daɗe yana shinshinawa. Ya ajiye a gefen gado, ya juya fuska bango.

Me ƙyalle zai gaya masa? Ban sani ba. Wataƙila fuskata ce.

Talata, 7 ga Nuwamba

An buɗe kamun ƙaguwa, kaya sun cika wurin aiki, sai duhu nake fitowa. Hannuwana sun tsattsage. Nas ta kira ta ce Noboru ya ƙi zuwa ɗakin motsa jiki tun Asabar, abinci ma sai an yi da gaske. Ta ce ko akwai abin da ya faru?

Na ce ban sani ba.

Biyu ke nan da ba sa ci, kuma ba wanda na iya wa.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ciwon baya ya sa aka sallame ni da wuri. Na shigo ba motsi. Isamu na zaune a teburin ɗumi, gajeren nan mai hita a ƙarƙashi, bargo har ƙugu, talabijin a kunne amma an rage murya har ba a ji. Gaban suwaitarsa ya ɗan kumbura, hannunsa ɗaya a kai.

Na tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Sanyi take ji, shi ke nan. Kada ki ɗauka wani abu ne. Kuma ki daina kallona."

Na ce tun yaushe?

"Ina ruwanki."

Kinako ba ta yi masa ƙara. Barci take.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Duk da haka ciwon jelar ya ruɓe. Likita Adachi ta yanke kusan rabin jelar. Ta ce ɗumin mutum yana taimakawa, amma mu da rana muke, ita kuma rayuwarta da dare ce, lokacin da muke barci. Ta ce akwai wata Malama Hirata a garin Matsue da ke riƙon irinsu, waɗanda masu su suka gaji da su, in muna so ta haɗa mu.

Na ce ba tawa ba ce da zan bayar.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Isamu ya ce zai raka ni asibiti. Tsakaninsa da Noboru dama sai tsokana, tun ranar aurenmu. Ya shiga yana cewa, "Kai malalaci, har yanzu kana kwance? Ana biyanka ne?" Noboru bai juyo ba.

Isamu ya ja kujera ya zauna ta wajen bangon, inda fuskar take. Na ji muryarsa ta sauka.

"Noboru. Namijin ya tafi. Tun kafin a je ɗakinka. Ni na binne shi da hannuna a gindin kaki, wuri mai kyau, rana na samunsa. Yayarka ta kasa gaya maka, kada ka ga laifinta. Macen tana nan, ta cinye rabin jelarta, kuma ta mayar da ni mai goyo."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Noboru ya yi wani irin kuka, ba murya, kafaɗa ɗaya ce kawai ke rawa. Na riƙe ƙafarsa ta cikin bargo don ban san inda zan riƙe ba. Ƙafar da ba ya ji ce ma.

Can ya juyo. Ya yi ta fama da bakinsa, wuyansa ya yi ja. Abin da ya fito shi ne, "Ka... ɗai."

Kalmarsa ta farko tun da ya faɗi.

Na ce e, ita kaɗai. Na gaya masa maganar Malama Hirata. Ya rufe ido ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannu ya yi alamar turawa, kamar mai tura kwano ga wani.

Na ce, "Ka tabbata? In ka warke fa?"

Ya sake turawa.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ya koma motsa jiki, in ji nas.

Ma'aikaciyar walwalar asibiti ta zaunar da ni a ofishinta. Ta ce ko ya samu sauƙi ba zai sake zama shi kaɗai ba. Ko dangi su ɗauke shi, ko gidan jinya. Akwai wani a can gindin dutse, ana jiran gado ya samu. Ta ce, "Ke fa, ya kike gani?"

Na ce mata ba zan iya ba. Ina aiki, bayana ya lalace, gidanmu duk matakala ne, Isamu ya tsufa. Abin da ban faɗa ba, ban san mutumin nan ba. Ban san abin da yake ci da safe ba. Ta ce ta fahimta, kowa haka yake cewa, ba abin kunya ba ne. Na ce a sa sunansa a layi.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Matsue. Malama Hirata tsohuwar malamar makaranta ce, 'yar ƙarama, hannuwanta duk tabon cizo. Ɗaki guda ta ware wa momongan. Wari ya tare mu tun daga zaure, Isamu ya raɗa mini, "Kin samu wadda ta fi ki."

Ta ce ba a haɗa su kai tsaye, kashe juna za su yi. Ta zaɓi wani tsohon namiji da aka yi wa fiɗiya, Ponta, wanda shi ma matarsa ta mutu bara. Ta ba mu jakar barcinsa, muka bar mata ta Kinako. Kowa ya kwana cikin warin ɗan'uwansa tukuna.

Kafin musayar ta leƙa jakar da ke wuyan Isamu ta ce, "Wayyo 'yar nan, kin sha wuya." Ban san me ya sa ba, sai na ji kamar da ni take.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Hutu yau. Na shafa yogot a yatsa kamar kullum, na cusa hannu, na kau da kai ina jiran cizo. Sai na ji wani ɗan harshe. Ta riƙe yatsan da hannuwanta biyu, sanyi ƙalau, ta lashe tas. Da ya ƙare ta ɗan cije ni kaɗan, na neman ƙari.

Sai yanzu. Sai da aka yi maganar bayarwa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

An gwada haɗa su, bai yi ba. Malama Hirata ta kafa gidan sauro a tsakar ɗaki, ta shiga da su biyun. Ponta ya matso a hankali yana shinshina. Kinako ta miƙe tsaye ta saki ƙarar nan, kafin in ƙifta ido sun dunƙule wuri ɗaya suna birgima. Malama ta jefa tawul ta raba su, ta samu sabon cizo a babban yatsa.

Na ce shi ke nan ko?

Ta ce, tana tsotse jinin, "Wataƙila. Akwai waɗanda ba sa karɓar kowa. Ki kawo ta da kejinta ta zauna kusa da nasa, su riƙa ganin juna ta waya. In ya yi, ya yi."

Na ce in bai yi ba fa?

Ta tafi neman filasta.

A mota Kinako na rawa a ƙirjina. Ni na rataya jakar yau. Ba ta yi mini ƙara ba, ko gajiya ce.

Talata, 28 ga Nuwamba

Da magariba na buɗe keji zan canja ruwa, ta fice. Ta haye labule har sama. Na tuna an ce kada in bi ta, sai na tsaya cik da gora a hannu. Ta yi ta kaɗa kai tana auna ni. Sai kawai ta buɗe fatar nan ta taso.

Da guntuwar jela ba ta iya saiti. Kafaɗa ta nufa, a fuska ta sauka, farce a hancina. Na yi ihu, Isamu ya shigo da gudu, ya same ni tsaye da momonga a goshi. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa yana tari.

Ta gangaro ta shige wuyan rigata da kanta. Na daɗe ban motsa ba. Miya ta ƙone.

Asabar za mu kai ta.

Asabar, 2 ga Disamba

Mun kai ta da keji da komai. Na ba Malama Hirata ƙyallen rawaya, na gaya mata tuffa take so ba inabi ba, kuma tana zame zobe. Ta ce to, to, kamar yadda ake ce wa uwar da ta kawo ɗa makaranta ranar farko.

Isamu bai shiga ba. Ya ce zai duba tayar mota.

Laraba, 6 ga Disamba

Malama ta ce tana cin kaɗan. Tana haushi. Ponta na amsa mata.

Gidan nan shiru. Na yi barci har safe, na tashi da ciwon kai.

Lahadi, 10 ga Disamba

Malama Hirata ta turo hoton bidiyo a waya. Ta buɗe bakin jaka a hankali, ga su su biyu a dunƙule, ba a gane kan wannan da ƙafar wancan, sai guntuwar jela da ta leƙo. Ponta ya ɗago ya goga sanƙonsa a ƙirjinta, ya koma barci.

Na kai wa Noboru. Ya kalla, ya taɓa wayar da yatsa in sake. Na sake. Na yi ta sakewa har batir ya yi ja. Bai yi kuka ba, bai yi murmushi ba. Da zan tafi ya kama hannun rigata ya ce, "Ya... ya." Na tsaya ina jira. Sauran bai fito ba. Ya yi ta ƙoƙari har ya gaji, ya sake ni.

A bas na yi ta tunanin me zai ce. Na gode? Kada ki tafi? Ko ruwa kawai yake so. Ba yadda zan sani.

Alhamis, 14 ga Disamba

An kira daga gidan jinyar gindin dutse tun Talata, gado ya samu. Na ce zan kira su. Aiki ya yi yawa, ban samu zama ba.

Yau a asibiti na tarar da mai koya wa Noboru motsa jiki yana ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu. Na ce ya nuna mini yadda ake yi, tunda ina tsaye. Ya ce in sa gwiwata a gaban tasa, in rungume shi ta ƙarƙashin hammata, in ƙirga, mu tashi tare. Noboru ya fi yadda nake zato nauyi. Muka tashi rabi, ƙafata ta zame, muka koma kan gadon ni da shi, goshina a haɓarsa. Rabona da in taɓa shi haka tun yana ɗan goye, ina saɓa shi in kai wa Mama a gona. Ya yi wani sauti a maƙogwaro, na tsorata, ashe dariya ce.

Mai koyarwar ya ce kowa haka yake farawa. Bayana kamar an sara.

Da na dawo na ɗauko tef ɗin awo na auna ƙofar banɗaki. Isamu ya zo ya riƙe ɗaya bakin, bai tambaye ni komai ba. Ya ce keke ba zai shiga ba sai an fasa. Na ce na sani, aunawa kawai nake yi.

Ba wai na yanke shawara ba ne. Ba zan iya ba, na riga na faɗa. Na dai ce wa mutumin ya sake nuna mini ranar Asabar.